AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Duk wanda ya halarci daren al'adun da ƙungiyarmu ta shirya a zangon karatun da ya wuce ya san abin da ya faru, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Mun tara kuɗi da ƙyar da jiɓin goshi, muka gayyato dattijon mawaƙi da 'yan amshinsa da makaɗan kalangu, muka ɗauko hayar kayan sauti, ɗakin taro ya cika maƙil. Bawan Allan nan ya yi kusan sa'a biyu yana waƙa, jijiyar wuyansa ta tashi, amma in ban da sunan Allah da na shugaban ƙungiya, ban tsinci kalma goma a bakinsa ba. Abin da ke fitowa daga lasifika sai ka ce ana yaga sabon alawayyo a ɗakin injin niƙa. Na kwana kunnena yana ƙugi.

Washegari a teburin mai shayi aka zauna shari'a, aka yanke hukunci iri biyu. Wani babban ɗalibi, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, tun ranar da amfilifaya ta shigo ƙasar Hausa waƙa ta mutu, abin da ya rage hayaniya ce. Wani kuma ɗan ajinmu, mai kaɗa jita, wanda ba ya rabuwa da kallon makaɗan Amurka a wayarsa, ya ce a'a, laifin irin amfilifayar ne. Wai mai tiransisto ce aka kawo, ita kuwa ba ta da rai, muryarta busasshiya ce. Da a ce irin ta da ce aka samo, mai ƙwayayen gilashi da ke yin ja in sun yi zafi, da mun ji daɗin duniya. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na ce musu duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki, aka ce to in rubuto hujjata. Ga ta nan.

Kada mai karatu ya ce mene ne haɗin ɗalibin Hausa da wayoyin lantarki. Kawuna mai gyaran rediyo ne, kuma duk dogon yajin aikin da malamai suka yi a 2022, wata takwas cur, a shagonsa na yi shi, ina riƙe masa ƙarfen liƙi ina shan faɗa. Abin da zan faɗa a can na fara ganinsa da idona, sa'an nan na bi shi a littafi.

Da farko dai, mene ne aikin amfilifaya? Mutane suna zaton tana kama murya ne ta hura ta kamar balan-balan. Ba haka ba ne. Makirufo yana juya motsin iska ya zama ɗan motsin lantarki, wanda ƙarfinsa bai wuce 'yan ɓurɓushin bolt ɗaya ba, watau in ka raba bolt gida dubu ka ɗauki kaɗan daga ciki. Haka ma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar jita. Wannan ɗan abin ba zai iya motsa takardar lasifika ba ko kusa. Ƙarfin da ke girgiza lasifika daga wutar bango yake zuwa, ko daga batir. Wanda ya taɓa zuwa gonakin noman rani na Kadawa ya ga misalin abin: ruwa daga madatsar Tiga yake tahowa, amma yaro guda da hannu ɗaya yana iya murɗa ƙofar magudana, ya sake shi da yawa ko kaɗan. Yaron bai haifi ruwan ba, iko kawai yake da shi a kan ƙofa. To, tiransisto shi ne ƙofar, muryar mawaƙi ita ce hannun yaron.

Shi tiransisto ɗan gutsuren silikon ne, watau sinadarin da ake tacewa daga yashi, an cuɗa shi da ɗigon wasu sinadarai, aka fitar masa da ƙafa uku. Ɗan lantarkin da ya shiga ta ƙafa ɗaya shi ke hukunta yawan wanda zai ratsa sauran biyun, kuma wanda ke ratsawar yana iya ninka shi sau ɗari. Ba shi da gilashi, ba shi da lagwanin da za a hura, lantarki a cikin daskararren abu yake tafiya, daga nan ne ma Turawa suka laƙaba wa irin wannan amfilifaya sunan mai daskararren ciki. A watan Disamba na 1947 John Bardeen da Walter Brattain suka ƙera na farko a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, suna aiki a ƙarƙashin William Shockley, su ukun kuma suka sami kyautar Nobel a 1956. Kafin nan ƙwan gilashin nan ne ke wannan aiki, wanda Lee de Forest ya ƙago a 1906. Shi sai an zuƙe iskar cikinsa, an hura masa lagwani ya yi ja, an ba shi wuta bolt 300 zuwa 500, sa'an nan a haɗa shi da taransifoma mai nauyi kafin ya iya magana da lasifika.

A cikin akwatin amfilifaya aikin hawa-hawa ne. Matakin farko yana ɗaga ɗan motsin nan zuwa wajen bolt guda, a nan ne kuma mamurɗan kauri da sirantar murya suke. Mataki na ƙarshe shi ne na ƙarti. Akasari tiransisto biyu ake haɗawa, ko garke biyu, ɗaya yana tura takardar lasifika gaba, ɗaya yana jawo ta baya, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. In ba su haɗa hannu daidai ba, sai a ji ɗan tsaiko tsakanin taɓarya da taɓarya, saboda haka ake barin ɗan lantarki yana ratsa su kullum don kada ɗaya ya yi gyangyaɗi lokacin karɓar aiki. Suna yin zafi, shi ya sa ake ɗaure su a jikin alminiyam mai haƙarƙari. Akwai kuma wata dabara da Harold Black ya gano a 1927, tun zamanin ƙwai: a ɗebi kaɗan daga abin da ke fita a mai da shi baya a gwada da abin da ya shigo, in an ga saɓani a gyara nan take. Da wannan dabara amfilifaya mai tiransisto ta kirki takan mai da maka abin da ka ba ta, kuskurenta bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.

To, in haka take da gaskiya, me ya same mu a daren nan? A nan ne nake so ɗan'uwana mai jita ya buɗe kunnensa.

Kowace ƙofa iyakarta ruwan da ke bayanta. A ce an ba matakin ƙarshe bolt 35 sama da 35 ƙasa. In lasifikar mai om 8 ce, iyakar abin da za a samu tsab-tsab wat 75 ne da 'yan kai. In ka ci gaba da murɗa ƙara, kana neman bolt 50 daga inda 35 kawai ke akwai, ba inda za ta samo maka cikon. Sai ta bi murya har ta kai rufi, ta aske mata kai ƙwal, ta jira ta sauko. Motsin da ya kamata ya tafi lanƙwai-lanƙwai kamar tudu da kwari sai ya koma mai kusurwa kamar tubalin siminti, kusurwoyin nan kuwa su ne ƙarar yagar alawayyo da muka ji. Su ne kuma ke ƙona ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririyar murya, wadda masu gyara ke kira tuwita. Kawu yakan ce, "Ɗana, ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba kashe lasifika." Na ƙidaya gawarwakinsu a kwali a ƙarƙashin teburinsa har na gaji.

Masu ƙera kayan nan sun san da haka, shi ya sa suke sa wata 'yar jar fitila a gaba, wadda ke ƙiftawa in an kai rufi. A daren nan na zagaya wurin yaron da ke kula da kayan, na tarar jar fitila ba ƙiftawa take ba, zaune take daram kamar ta motar 'yan kwana-kwana. Duk mamurɗan da ke jikin akwatin ya kai su ƙarshe. Lasifika huɗu ya jona a baki ɗaya, alhali kuwa in ka jera huɗu masu om 8 haka, sun koma om 2, watau ka buɗe magudana huɗu ka ce ƙofa ɗaya ta ciyar da su. Alminiyam ɗin bayanta ko ƙwai ka fasa a kai zai soyu. Na ce, "Malam, wutar nan fa ta yi ja." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ai alamar tana aiki ke nan." Jama'a, wannan laifin John Bardeen ne?

Yanzu bari in ba abokina haƙƙinsa, don ban zo yin zalunci ba. Gaskiya ne ƙwai in an matsa masa ba ya aske murya ƙwal, lanƙwasa ta yake a hankali, yana ƙara mata wani kauri da daɗi a kunne. Binciken da injiniya Russell Hamm ya buga a 1973 ya nuna cewa bambancin da ake ji tsakanin su biyun yana bayyana ne musamman sa'ad da aka ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Gaskiya ne kuma makaɗan jita na Amurka da Ingila sun gina kiɗansu a kan wannan gurnani, da gangan suke neman sa. Har ila yau gaskiya ne tiransisto na farko-farko sun ba da kunya: ba su jure zafi, kuma waɗanda kamfanin Fender ya fitar a tsakiyar shekarun 1960 ba su karɓu ba, bayan 'yan shekaru aka daina yin su. Daga nan baƙin jinin ya samo asali. Amma fa yau shekara kusan sittin ke nan. Wanda ya ƙi shiga mota yau don ta kakansa ta mutu a hanyar Zariya, wa zai ce yana da hujja?

Ka tuna da sanƙira a wurin biki. Akwai wanda in ka ba da naira dubu zai ce ka ba da dubu, akwai wanda zai ce ka ba da doki da sirdinsa. Na biyun ya fi daɗin saurare, ban musa ba. Amma in saƙo kake so ya isa yadda ka faɗe shi, wanne za ka aika? Mai ƙwai sanƙira ce mai ƙara gishiri. Ga mai jitar lantarki gishirin nan na cikin miya. Mu kuwa miyarmu dabam ce. Waƙar Hausa magana ce. Kiɗa rakiya yake yi mata. Mai sauraro yana jiran habaici, da zambo, da kirari, da salon da aka juya kalma. Harshenmu kuma harshe ne da ɗan abu kaɗan ke raba ma'ana da ma'ana: kura da ƙura, bari da ɓari, kafa da ƙafa. Waɗannan su ne farkon abin da ke nutsewa in murya ta dagule. Kalangu shi ma magana yake, da hawa da saukar sautinsa. Saboda haka abin da mawaƙinmu ke bukata shi ne sanƙirar da ba ta ƙari ba ta ragi, wadda kuma ke da sauran numfashi a ajiye don lokacin da zai ɗaga murya. Wannan kuwa siffar mai tiransisto ce in an ba ta girman da ya dace.

Kuma kada abokina ya zaci duk manyan da yake kallo suna bayansa. B.B. King, wanda ake kira sarkin kiɗan bulus, ya yi shekaru da yawa yana kaɗa jitarsa ta cikin Lab Series L5, mai tiransisto ce. Joe Pass, gwanin jaz, Polytone ya riƙe. Roland JC-120 ta fito a 1975, kuma saboda tsabtar muryarta makaɗa irin su Andy Summers suka rungume ta. Dimebag Darrell, wanda kiɗansa ya fi na kowa gurnani, da Randall mai tiransisto ya yi suna. Shi kansa Jimi Hendrix, wanda kullum ake kafa hujja da shi, tsakanin jitarsa da amfilifayarsa mai ƙwai akwai wani ɗan akwati da yake takawa da ƙafa, Fuzz Face, tiransisto biyu ne a cikinsa, kuma su ke ba da rabin rurin. A 1985 wani maƙeri, Bob Carver, ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile cewa su zaɓi amfilifaya mai tsada da suke so, shi zai gyara tasa mai tiransisto mai araha ta yi murya irin tata. Suka kawo mai ƙwai. Cikin 'yan kwanaki ya gama, suka saurara suka saurara, suka amsa cewa sun kasa rarrabewa.

Ga kuma abin dariya. A babban dandali, amfilifaya mai ƙwai ba ita ke kai sauti ga jama'a ba. Makirufo ake kafa mata a gaba, a wuce da muryarta cikin manyan kayan dandali, su kuwa tiransisto ne zalla. Abokina kuma bai taɓa tsayawa gaban mai ƙwai ba a rayuwarsa. Duk "rai" da "ɗumi" da yake yabo, a wayar hannunsa ya ji su, ta cikin wata amfilifaya mai tiransisto da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Watau shaidar da ya kira ita ce wadda yake ƙara. Wannan ita ce cutar da ke damunmu mu 'yan makaranta: mu tarar Turawa suna gardama a kan abin da ya shafi tuwonsu, mu ɗauko ta ɗungurungum mu shigo da ita gida, ba mu tambayi ko da irin garinmu aka tuƙa ba.

A ce ma an ba shi mai ƙwan kyauta. Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30. Wa zai ɗora ta a bayan babur zuwa biki a ƙauye, a kan hanya mai gargada, da gilasai a cikinta? Wutar janareta mai hawa da sauka fa? Ƙwai kuma yana tsufa kamar na fitila, sai an sake. Masana'antun da suka rage suna yin sa 'yan kaɗan ne, akasari a Rasha da Sulobakiya da Sin. A watan Maris na 2022, da yaƙin Yukiren ya sa Rasha ta hana fitar da wasu kayayyaki, makaɗan Amurka kansu sun shiga rububin ƙwai, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Tiransisto kuwa ko a kasuwar Sabon Gari ka shiga za ka saya a tafin hannu. Ga sabon salo ma da ya yi yawa yanzu, wanda ake kira aji D, inda tiransisto ba ya tsayawa rabi-da-rabi, buɗewa yake ya rufe gaba ɗaya sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, sa'an nan a tace abin ya koma murya. Kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ci yana isa lasifika maimakon ya tafi a zafi, har ana samun mai wat 500 da ba ta kai kilo 3 ba. Dubi 'yan'uwanmu Buzaye na Agadas, inda su Bombino suka fito. Jitar da ta kai su Turai da Amurka a wuraren biki ta girma, a kan tabarma, da ƙananan amfilifaya masu cin batir. Da sun zauna jiran ƙwai da wutar bolt 400, da har yanzu duniya ba ta ji su ba.

Saura babban yayanmu mai cewa amfilifaya ta kashe waƙa. Yaya, da girmanka, a ina ka fara jin Shata? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, yawancinmu ba a haife mu ba. Tun 1954 da aka fara sayar da rediyo mai tiransisto, wanda ke aiki da batir ya shiga aljihu, shi ne ya kai muryar mawaƙanmu rugage da ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken lantarki ba, kaset ya biyo baya, kuma a cikin kowane ɗayansu akwai 'yar amfilifaya. Ɗanmaraya Jos fa? Kuntigi ɗan gwangwani ne da tsirkiya ɗaya, muryarsa ba ta ƙetare zaure. Wane ne ya tsai da shi gaban dubban mutane aka ji shi har layin baya? Abin da ya rayar da su ba zai zama shi ne makashinsu ba. In akwai makashi, to, ra'ayin nan ne da ya kama mu na cewa ƙara ita ce arziki: biki bai yi armashi ba sai unguwa uku sun kasa barci, sai mai jego ta rufe kunnen jariri da zane.

'Yan kasuwa sun gane mu sarai. Sai ka ga akwati an rubuta masa wat 5,000 da manyan haruffa, ka buɗe ciki ka tarar abin da ke nan ko wat 50 ba zai bayar ba. Ba kuwa wanda ke gaya wa mai saye cewa ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne, desibel 3 kacal, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninku sai an ninka wat wajen sau goma. Kunnen kuma ba ya tsirowa kamar farce. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata a Amurka shi ne desibel 85 na sa'a takwas, duk ƙarin 3 kuma a raba lokacin biyu. In an kai 100, minti 15 ke nan. Mu mun zauna sa'a biyu, da ƙannenmu 'yan sakandare da muka gayyato a layin gaba, bakin lasifika. Mu da muke taƙama za mu zama malaman harshe, masu rarrabe karin sama da na ƙasa, da kuɗinmu muka yi hayar abin da zai kurmantar da mu.

Saboda haka a taron ƙungiya mai zuwa zan kawo shawara, kuma ina neman masu goyon baya tun yanzu. Duk wanda za mu ɗauki hayar kayansa, a rubuta masa cewa jar fitila ba za ta zauna a kunne ba, lasifika ba za ta wuce biyu a baki ɗaya ba, kuma a gabanta za a ajiye su, ba a bayan mawaƙi ba inda za su yi ta kuka da makirufo. Kafin a buɗe ƙofa a tura ɗalibi guda kujerar ƙarshe da takarda da biro, wani ya tsaya a dandali ya karanta kalmomi ashirin irin su kura da ƙura. In ya rubuto goma sha takwas daidai, a biya cikon kuɗi. In bai rubuto ba, a rage ƙara a sake.

Shi kuwa abokina mai jita, ga gayyata. Akwai wata tsohuwar mai ƙwai a shagon kawu, wadda mai ita ya kawo gyara tun ina firamare bai dawo ba, kuma kawu ya tashe ta tana aiki. Ranar Asabar ta farko bayan jarrabawa ya zo da jitarsa da shaidu biyu. Za mu rataya bargo a tsakani, mu daidaita ƙarar su biyun da mita, ba tare da an matsa wa ko ɗaya ba, kawu ya riƙa sauya waya sau goma. In ya faɗi takwas daidai, shayinsa da burodi na zango guda a wuyana.